Ladabin Baƙo A Wurin Bautar Wani

Abin da nake so mu tattauna a wannan ɗan rubutu wata tambaya ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, watau idan tafiya ta kai Musulmi wurin da ake bauta wa abin da shi ba ya bauta wa, yaya ya kamata ya tsaya, kuma wane haƙƙi masu wurin suke da shi a kansa? Ni ba malamin fiƙihu ba ne, ɗalibi ne daga Ƙanƙara, saboda haka ba fatawa zan bayar ba. Zan dai faɗi abin da na ji, da abin da na aikata, da kuma inda tunanina ya tsaya, in ya so waɗanda suka fi ni sani su gyara mini.

Asalin maganar kuwa wani kawuna ne, ɗan kasuwa, wanda ya daɗe yana zuwa Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, yana saro tufafi da takalma. A wata tafiya da ya yi sai abokin cinikinsa, wani Musulmi ɗan ƙasar, ya ce lalle sai ya kai shi garinsu ya gai da iyayensa. Garin yana cikin lardin Krabi ne, can kudancin ƙasar a bakin teku, tafiyar kimanin kilomita 800 daga Bankok. Mutanen Tailan dai fiye da kashi 90 cikin ɗari mabiya addinin Buda ne, amma a wannan lardi akwai Musulmi da yawa, har ka ga masallaci a wannan unguwa, ɗakin bautar Buda a ta gaba. Da Kawu ya dawo, mu kuwa muna hutu, sai aka taru a zaurensa bayan sallar la'asar ana yi masa barka da sauka, shi kuma ya fito da wayarsa yana nuna mana hotuna.

Hotunan kashi biyu ne. Kashin farko na wani wurin bauta ne da suke kira Wat Tham Suea, watau ɗakin bauta na Kogon Damisa. Yana gindin wani dogon dutse wanda sai an taka matakala fiye da 1,200 kafin a kai ƙololuwarsa, inda aka girke wani ƙaton gunkin Buda mai ruwan zinariya, yana zaune ya tanƙwashe ƙafafu. Kawu ya ce wurin yana da dokoki: a cire takalmi, a rufe kafaɗu da gwiwoyi, kada a ɗaga murya, kuma kada wanda ya zauna ya miƙe ƙafa ta fuskanci gunkin, domin a wurinsu nuna abu da ƙafa babban raini ne. Ya ce abin da ya fi ba shi mamaki shi ne ruhubanawansu, masu askakken kai da mayafi ruwan goro, waɗanda kan fito da asuba ƙafa ba takalmi, kowa da ƙoƙonsa, mutane suna zuba musu shinkafa. Ya ce da ya gan su sai ya tuna da almajiran tsangayar ƙofar gidanmu. Kashi na biyu kuwa na wani marmaro ne mai ruwan zafi a gundumar Khlong Thom, wanda ke gangarowa ta cikin kurmi yana taruwa a kwarmin duwatsu, zafinsa wajen digiri 40, mutane sun shiga sun yi luf kamar kwaɗi.

Ana cikin dariya sai wani ɗan'uwanmu, wanda ya fi mu duka karatun addini, ya murtuke fuska ya ce, "Kawu, Allah Ya ba ka haƙuri, amma wannan hoton da kake tsaye ba takalmi bai kamata a nuna shi ba. Mutum ba ya cire takalmi sai a inda yake girmamawa. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a kwari mai tsarki aka umarce shi da ya cire nasa. Kai kuwa ga ka ka cire naka a gaban gunki."

Kawu ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, takalmi na cire, ban cire imani ba. In zan shiga ɗakin kakarka ma ina cirewa, ai ba bauta mata nake yi ba. Mutane suna rusunawa, ni ina tsaye kyam. An miƙo mini fure da turare in ajiye, na dafa ƙirji na girgiza kai, abokina ya yi musu bayani, ba wanda ya ɓata rai. Da azahar ta yi muka sauko muka yi sallarmu a masallaci."

Nan fa zaure ya rabu biyu, kowa yana kawo tasa hujjar. Ni kuwa ina gefe ban ce uffan ba, domin maganar ta fama mini wani tsohon miki. Ina ɗan shekara 12, da kaka, muka fita mu huɗu da danƙo neman tsuntsaye yamma da gari, har muka kai bayan wata unguwar Maguzawa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Ƙanƙara ko Faskari ko Malumfashi ya san su. Hausawa ne kamarmu, manoma na gaske, waɗanda suka tsaya a kan al'adar kakanni, ko da yake da yawansu sun musulunta, wasu kuma sun shiga addinin Kirista. A gindin wata tsamiya muka tarar da wuri an share shi tas, ga duwatsu uku, ga gashin kaza manne da busasshen jini, ga kuma wata 'yar baƙar tukunya a kife. Muka gane ko mene ne. Abokaina suka ja da baya don tsoro. Ni kuwa, don in nuna musu ni ne mai imani, sai na yi kabbara na sa ƙafa na shuri tukunyar, ta daki dutse ta tarwatse. Muna juyawa sai ga wani tsoho da fartanya a kafaɗa. Sauran suka ranta a na kare, ni kuwa ƙafata ta ƙi ɗaukata. Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa yana tsince tsingaron ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Kai ba ɗan gidan wane ba ne? Na ga kamannin. Tukunyar nan uwata ta gina ta da hannunta, shekarar da za ta mutu. Je ka, ka gai da babanka."

Da dare na faɗa wa mahaifina, ina tsammanin zai sa mini albarka. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya yi mini tambaya uku. Ya ce, "Da ka isa wurin, wa ya ce ka shigo?" Na ce ba kowa. Ya ce, "Tukunyar taka ce?" Na ce a'a. Ya ce, "To, da ka fasa, tsohon ya musulunta?" Na yi shiru. Washegari ya kai ni wurin malamin da ke ba shi karatu a zaure, malam ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya ko giyar wanda ba Musulmi ba, muddin ana zaman amana da shi, idan Musulmi ya zubar sai ya biya ƙimarta. Mahaifina ya ce to, tukunya ba zai saya ba, don kada ya zama ya taimaka wa tsafi, amma kuɗinta haƙƙi ne, dole a kai. Muka tafi tare. Ya yi sallama daga waje, ya jira har aka amsa, ya cire takalmi a bakin zauren Bamaguje, ya sa ni na durƙusa na ba da haƙuri. Tsohon ya ƙi karɓar kuɗin, ya ce kuɗi ba sa gina tukunyar uwa. Da za mu tafi ya cika mini hula da gyaɗa.

Saboda haka, jama'a, ba sai an hau jirgi an je Tailan ba kafin a gamu da wannan tambaya. Tana nan a bayan gari. Tana nan kuma a cikin tarihinmu. Wanda ya tashi daga Ƙanƙara ya bi ta Sheme, ya hau titin Gusau, ya wuce 'Yankara da Tsafe, zai ga dutsen Kwatarkwashi ya tokare sama, wurin da ya shahara tun zamanin da a matsayin cibiyar tsafin Magiro. Wanda ya je Kano kuwa zai ga Dala, inda tarihin birnin ya ce Barbushe yake yi wa Tsumburbura hidima kafin Wangarawa su zo a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Waɗanda suka hau waɗannan duwatsu da baƙin bunsuru kakanninmu ne. Mun bar abin da suke bauta wa, alhamdu lillahi, amma jininsu ne ke gudana a jikinmu, kuma jikokinsu da ba su bari ba suna cin kasuwa ɗaya da mu.

To, bari mu koma ga maganar ɗan'uwan nan nawa, domin ba maganar banza ya yi ba. Abin da yake tsoro shi ne kada ladabi ya zama yarda. Haƙiƙa kuwa akwai mutanen da ke ɗaukar karin maganar nan da ke cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi taka, su mai da ita addini, duk abin da suka tarar ana yi su yi, don kada a ce musu ƙauyawa. Irin waɗannan ba su girmama kowa ba. Wanda ya rusuna wa gunkin da bai yi imani da shi ba ya yaudari masu gunkin, ya kuma ci amanar kansa. Amma ina ganin kuskuren ɗan'uwana shi ne ya haɗa abu biyu da ya kamata a raba, watau girmama mutum da gaskata aƙidarsa. Akwai ayyukan da ma'anarsu ita ce, "Na san nan wurinka ne, kuma na san yana da girma a zuciyarka." Sallama, da cire takalmi, da sassauta murya, da suturta jiki, duk daga cikinsu suke. Akwai kuma ayyukan da ma'anarsu ita ce, "Na yarda da abin da kake bauta wa." Sujada, da yanka, da ajiye turare, da roƙon biyan bukata, su ne waɗannan. Na farkon haƙƙin mai gida ne a kan baƙo, ko mai gidan ya ɓata ko ya shiryu. Na biyun kuwa haƙƙin Allah ne Shi kaɗai. Kawu ya biya na farko ya hana na biyu. Ni kuwa a gindin tsamiya ba wanda ya nemi na biyu daga gare ni, amma na take na farko da ƙafa.

Wannan rarrabewa ba ni na ƙago ta ba. A Suratul An'am, aya ta 108, an hana Musulmi zagin abin da wasu ke kira baicin Allah, kuma an faɗi dalili, watau don kada su ma su rama da zagin Allah bisa jahilci. A Suratul Hajji, aya ta 40, an ambaci wuraren ibadar ruhubanawa da na Kirista da na Yahudu tare da masallatai, a cikin abin da zai rushe in da Allah ba Ya kange wasu mutane da wasu. Masana tarihi sun ruwaito cewa sa'ad da Sayyidina Umar ya karɓi Birnin Ƙudus, wajen shekara ta 637, ya shiga babbar majami'ar Kirista, lokacin salla ya yi, aka ce ya yi a ciki, ya ƙi, ya fita waje ya yi, don kada Musulmi na baya su ce nan Umar ya yi salla su ƙwace wurin. Ku duba fa, ya shiga, ya gani, bai yi ibada a ciki ba, kuma ya kare wa masu wurin wurinsu. Wannan kuwa mai nasara ne da runduna a bayansa, balle baƙo mai jaka ɗaya.

Wani zai ce, to ai Annabi Ibrahim ya karya gumaka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fitar da su daga Ka'aba ranar buɗe Makka, kuma a nan Kano Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, an ce ya sa an sare itacen tsafi aka gina masallaci a gurbinsa. Duk wannan haka yake, kuma na daɗe ina fakewa da shi. Amma da na zauna na yi wa kaina adalci sai na ga bambancin. Biyun farko Annabawa ne da ke aiki da wahayi, a cikin mutanensu, bayan sun yi kira da hujja. Na ukun sarki ne a cikin birninsa, alhakin jama'a a wuyansa, da malamai irin su Shehu Magili a gefensa. Ni fa? Yaro ne da danƙo a wuya, a gonar wani, ban taɓa yi wa tsohon nan magana ko sau ɗaya a kan Allah ba, kuma abin da nake nema shi ne abokaina su ce ni jarumi ne. Na tabbata da a ce tsohon yana da ƙarti huɗu da sanduna a bayansa, da imanina bai motsa ƙafata ba. Da yawan abin da muke kira kishin addini, in aka tone shi, son a gan mu ne, kuma kan mai rauni yake sauka.

Wani kuma zai ce, to me ya kai mutum can tun farko? Ai da Kawu ya yi zamansa a masauki da ba a yi wannan gardama ba. Wannan ma magana ce mai kyau, kuma wanda ya san zuciyarsa ba za ta natsu ba, ƙin zuwan ya fi masa, ba kuwa wanda ya cuta. Amma kada mu manta magabatanmu sun je sun gani. Albiruni ya koyi harshen malaman Hindu, ya zauna da su, ya rubuta littafi a kan addininsu da iliminsu wajen shekara ta 1030, yana faɗin abin da suka ce kamar yadda suka ce shi. Ibn Batuta, wanda ya zo Takadda a ƙasar Azbin a 1353 har ya ambaci Gobir, kafin nan a 1344 ya hau wani dutse a tsibirin Sarandib, watau Siri Lanka ta yau, inda akwai wani sawu a kan dutse wanda Musulmi ke cewa na Annabi Adamu ne, mabiya Buda kuwa suna cewa na Buda ne, kowa yana hawan dutse ɗaya. Tafiya mabuɗin ilimi ce, gani kuma ya kori ji. Kawu ya tafi yana zaton mutanen nan ba su san komai ba sai gunki, ya dawo ya san cewa dokoki biyar da ake koya wa kowane yaronsu su ne kada ya kashe rai, kada ya yi sata, kada ya yi zina, kada ya yi ƙarya, kada ya sha abin maye. Bai sa ya yarda da addininsu ba, amma ya ce daga ranar ya daina yi musu kallon dabbobi, cinikinsa da su ma ya ƙara tsabta.

Saura maganar ruwan zafi, wadda ba wanda ya yi gardama a kanta a zaure, amma ni a wurina ita ce ta buɗe mini sauran rabin al'amarin. Mu ma muna da irin wannan ruwa. A shekararmu ta biyu a jami'a aka kai mu yawon buɗe ido gandun dajin Yankari a Jihar Bauci, wanda aka buɗe wa jama'a tun 1962, muka ga marmaron Wikki. Ruwa ne garai-garai, yana fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, yana gangarawa zuwa kogin Gaji, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wani malaminmu ya bayyana mana cewa ruwan sama ne da ya nitse cikin ƙasa, kuma duk kilomita ɗaya da aka yi ƙasa zafi yana ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30, sa'an nan ruwan ya sami tsaga a jikin dutse ya taso da ɗuminsa. Mutanen da, da suka ga irin wannan, sai su ce akwai iska a wurin. Masanin kimiyya ya ce zafin cikin ƙasa ne. Mumini ya ce rahamar Allah ce, kuma bayanin masanin bai rage masa komai ba, sai ma ƙara masa mamaki. Ruwan dai bai tambayi kowa ba. Mu Musulmi da Kirista, da wasu Turawa da muka tarar, duk muka shiga, kowa ya ji daɗin da ɗan'uwansa ya ji, kamar yadda Kawu ya ce a Krabi mai hijabi da mai bautar Buda suna tsoma ƙafa a kwarmi ɗaya.

Amma ga abin da na gani da idona. Kafin mu bar wurin, wasu daga cikinmu sun jefa ledoji da gwangwanayen lemo a bakin ruwan, wani ya zana sunansa a jikin itace, wasu suna ta ihu suna jifan gwaggon biri, kowa hankalinsa yana kan hoton da zai ɗauka. Ba ƙiyayya ta sa su ba. Abin da ya sa su shi ne sun ɗauka duk abin da ido ya gani an ajiye shi ne don nishaɗinsu. A nan na gane cewa mai kallo ma yana iya ɓarnar da mai ƙyama yake yi. Mai ƙyama yana fasa tukunya don ya raina mai ita, mai kallo kuwa yana jingina da gunki ya yi hoto yana dariya, don bai ma lura da cewa wurin yana da masu shi ba. Dukansu biyu abu ɗaya suka rasa, watau ɗabi'ar tsayawa a bakin ƙofa a tambayi kai, nan wurin wa ne, kuma me ya halatta gare ni a cikinsa? Hausawa suna da kalma mai kyau ta wannan, ita ce hurumi. Maƙabarta hurumi ce, bayan ganuwa hurumi ne, ɗakin matar wani hurumi ne. Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana, ita kuwa raɓa takan sauka ta tashi ba ta karya ko ganye ɗaya ba.

Abin da ya sa na ce wannan magana ba ta hira ba ce shi ne, mu mutanen kudancin Katsina mun ɗanɗana zama da waɗanda ba su san hurumi ba. A daren Juma'a, 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora yara cikin daji, sai ranar 17 ga wata aka sako 344. A watan Agusta na 2025 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a cikin masallaci a Unguwar Mantau, ƙasar Malumfashi. Ƙauyuka da dama a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara sun watse, Musulmi da Maguzawa sun shigo gari da tabarmi a ka. Unguwar tsohon nan ma tana cikinsu, shi kuwa Allah Ya ɗauki ransa tun kafin haka. Wannan bala'i yana da dalilansa masu yawa, na talauci da zalunci da makamai da rikicin ƙasa, kuma ba tukunyar da yaro ya fasa ce ta jawo shi ba. Amma duk lokacin da na ji an ce, "Ko masallaci ba su bari ba," sai in tuna da ƙafata. Mutumin da ya shiga masallaci da bindiga ya fi ni laifi nesa ba kusa ba, amma darasin farko da ya koya shi ne wanda na fara koya a ranar nan, watau abin da ke da girma a zuciyar wani ba ya hana ni komai muddin na fi shi ƙarfi. Ni na yi sa'a ina da uban da ya tare ni tun a darasin farko.

Har wa yau, mukan ji zafi ƙwarai idan aka wulaƙanta abin da muke girmamawa, kamar yadda muka ji a 2023 sa'ad da aka ƙona Alƙur'ani a ƙasar Suwidin. Abin da muka nema daga mutanen can ba wai su musulunta ba ne. Cewa muka yi, ko ba ku yarda da Littafin nan ba, ku san yana da girma a zukatan mutane, ku kame hannunku. To, wannan shi ne daidai abin da tsohon nan yake bina, shi ne kuma abin da masu Kogon Damisa suka nema daga Kawu. Laifi tudu ne, kowa ya take nasa ya hango na wani. Mudun da muke so a auna mana da shi, da shi ya kamata mu auna wa na bayan gari, wanda ba shi da jarida, ba shi da gidan rediyo, ba shi da mai yi masa zanga-zanga.

Inda tunanina ya tsaya ke nan. Musulmi yana iya ƙin zuwa wurin bautar wani, ba laifi. In kuwa ya je, ko tafiya ta kai shi, ko maƙwabtaka ta haɗa su, to ya shiga da izini, ya kiyaye dokar wurin a duk abin da bai kai ga bauta ba, ya tsare goshinsa da harshensa ga Ubangijinsa, ya fita ya bar wurin yadda ya same shi. In yana son ya kira mai wurin zuwa ga gaskiya, sai ya nemi ƙofar zuciyarsa, ita kuwa ba a taɓa buɗe ta da shuri ba.

Gardamar zauren Kawu dai ba ta ƙare ba har ladan ya kira magariba. Ɗan'uwan nan nawa bai sauka daga ra'ayinsa ba, Kawu ma haka, ni kuma sai yau na sami bakin faɗin nawa. Muka tashi muka yi alwala, Kawu ya tura shi gaba ya ce shi zai ja mu salla, muka jera takalmanmu a ƙofar masallaci muka shiga.

Allah Ya ba mu ladabi tare da ilimi, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, Ya sa mu dace. Wassalam.